Muhawara a zauren manoman Gaya: "ƙirƙira" ko "gyara"?

Malamin Sakandare: Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci jiya, domin na shimfiɗa tabarmi a ƙofar makaranta bayan la'asar don in yi bayanin ilimin sarrafa ƙwayoyin halitta, amma mutum huɗu ne suka zo, biyu ma suka tashi kafin in gama. Alhali ilimin nan ya daɗe da shigo mana gida. Insulin da masu ciwon sukari ke yin allurarsa, tun 1982 ake samun irin wanda bakteriyar da masana suka ƙirƙira ke fitarwa, kuma a 2013 kamfanin Sanofi ya fara haɗa sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro ta hanyar yis, dangin wanda ke kumbura burodi.

Na'ibin Liman: Wa alaikumus salam. Malam, ka janye kalmar "ƙirƙira". Da wane baki za a ce ɗan Adam ya ƙirƙiri abu mai rai?

Malamin Sakandare: Allah gafarta Malam, ban ce sun halitta ba. Ƙwayar gado, wato abin da ke ɗauke da siffar da ake gada daga iyaye, suke ɗaukowa su dasa a cikin abin da Allah ya riga ya halitta.

Na'ibin Liman: To ai gyara ke nan, kuma wanda ya ce zai gyara halitta shi ma yana da tambayar da zai amsa.

Dattijon Lambu: Liman, shekara talatin ina aurar da mangwaro, ina yanko reshe in ɗaure shi da leda a jikin wani, kuma har gidanka na sha kaiwa, ban taɓa jin ka ce na gyara halitta ba.

Ɗalibin Noma: Baba ya yi gaskiya. Ga waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, wanda aka amince da shi a 2019, an sa masa ƙwayar gado da ke kashe tsutsar da ke huda kwanso, har feshi ya ragu daga shida ko takwas zuwa biyu.

Mai Shagon Magani: Yaro, a takarda ne feshi ke raguwa. Ka taɓa goya famfo a bayanka da rana tsaka?

Ɗalibin Noma: Alhaji, wanda ke sayar da maganin feshi ai ba zai yi murna da raguwarsa ba.

Mai Shagon Magani: Ka fara tambayar mahaifinka bashin litoci biyu na bara kafin ka yi mini rashin kunya.

Shugaban Zaure: Jama'a, a tsaya haka. Abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda Malam ya yi kuskuren kalma kamar yadda Liman ya nuna, kuma ya kamata 'yan makaranta su riƙa girmama manya. Batun waken kuwa mun bar shi sai wani lokaci.

Inna Mai Ƙosai: Ranka ya daɗe, kafin a rufe, ni tun ɗazu tambayata ɗaya ce: waken nan yana tashi a kasko idan an buga ƙullunsa?