Ana cinye burtalinmu, kotu za mu nufa ko Kofo?

Sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta makiyaya ƙarama ce, a wata kwamin ta jihar Tawa a Nijar, muna da takardar izini. Burtalin da ke kai dabbobi tabki gonaki sun matse shi, wani wurin shanu biyu ba sa jerawa, kuma an ce an sayar da gefen mashaya. Jika 600 ke cikin asusu. Mu ɗauki lauya, ko mu bi ta Kofo, hukumar kula da filaye? Damina saura wata uku.

Tsohon ma'aikacin Kofo: Wa alaikumus salam. Ku ajiye maganar lauya tukuna. Ko kun je kotu za a tambaye ku takardar da ke nuna sarki ya gwada sulhu bai yiwu ba. Ku fara da Kofodep, wato Kofo ta departama, perefe ne shugabanta. Ku rubuta wasiƙa kofi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan taku. Tambaya ɗaya: burtalin nan yana cikin kundin filaye? In ba ya ciki, ku nemi a fito a tantance shi. A taka shi da ƙafa tare da maigari, arɗo da masu gonakin da ke iyaka, a ɗauki GPS, kowa ya sa hannu ko yatsa, sannan a fitar da arete, takardar umurnin hukuma da ke tabbatar da shi. Turakun siminti na shata iyaka su ne na ƙarshe. Waɗanda suka fara da turaku ba arete, damina ɗaya ake tuge su, ba kuma wanda za a kama. Cikin wasiƙar ku ambaci dokar filayen karkara (Code Rural) 93-015 ta 2 ga Maris 1993 da dokar kiwo 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010. Ta biyun ta ce kai-komon makiyayi haƙƙi ne, filin kiwo kuma na ƙasa ne, ba ya sayuwa.

Ɗan Adar: Ku kai rediyo kawai, kwana biyu za ku ga motoci.

Hajiya mai nono: Ɗana, rediyo kafin takarda gaba yake haifarwa. Wa ya manta rikicin manoma da makiyaya na Toda a 1991, ko na Bangi a 2016?

Garso (jagoran makiyaya): Baba, dokar da ka kawo gaskiya ce, amma ku je arewa ku gani. Tun 1961 doka 61-05 ta shata iyakar noma, yau gonaki sun wuce ta nesa. Mai kuɗi ba ya cewa ya sayi daji. Izinin rijiya yake nema, ya haƙa, ya sa mai gadi, sai ya ja waya. Wanda ya riƙe ruwa ya riƙe ciyawar da ke kewaye, don da rani ba garken da zai zauna inda ba a shayar da shi. Ƙungiyoyi su rubuta, a zo a duba, a sha shayi, a koma. Shekara ta kewayo waya na nan, ta ma ƙara tsawo. Masu garke goma sha su ne ke sayar da raƙumansu su dawo gari gadi. Wannan ciwo ne.

Sakataren ƙungiya: Allah ya kyauta. Mu dai namu burtali ne, nawa turakun suke ci?

Magini: Jika 12 guda, da ƙarfe a ciki, har kafawa.

Ɗan Adar: Ina? Jika 25 ake faɗa wajen Madawa.

Magini: Wannan farashin proje ne, da fenti da lamba. Abin da ke cinye kuɗi ba siminti ba ne, man mota ne da abincin masu fita.

Ba'are: Ku ba Bafillace turaku ya ɗaure maruƙa da su, ya ce an gode.

Garso: Kai dai bawana ne, zo ka ɗauki buhun simintin.

Malamar ONG, Yamai: Ƙungiya ɗaya ba a jin ta. Ku jingina da manyan ƙungiyoyin makiyaya, AREN ko Billital Maroobe, su suka san ƙofofin sakatariyar Code Rural. Kuma ku tuna tun Afrilun 2024 an rushe majalisun kwamin, in wasiƙar kwamin ce, ga administarate delege, shugaban riƙon da aka naɗa, za ku rubuta, ba magajin gari ba. Ku sa manomi ko biyu cikin tawagarku, in ba haka ba za a ce rigimar ƙabila ce.

Garso: Malama, shawarar ofis daban, ta daji daban.

Tsohon ma'aikacin Kofo: A'a, nan ta fi ka gaskiya. Lokaci ne kawai zan ƙara: a yi fitar yanzu, bayan sakin gonaki. Hatsi ya tsiro, ba hukumar da za ta ce a tuge.

Hajiya mai nono: To masu kwashe ciyawa fa? Amalanke da manyan motoci suna share daji da manjagara har ƙasa, su tara, su sayar mana a watan Mayu. Ko an buɗe burtalin, dabba me za ta tarar a ƙarshensa?

Ɗan Adar: Dokar 2010 ɗin ta taɓo wannan ma. Wa ke tsare motocin a hanya shi ne zancen.

Sakataren ƙungiya: Baba, wasiƙar da Faransanci dole, ko Hausa ta isa?