Furen daizi a Jos: abin da masu lambu suka tsayar

Masu lambun furanni a Jos sun tattauna kan daizi, ɗan farin furen nan mai rawaya a tsakiya wanda asalinsa Turai ne. Ga abin da aka tsayar.

Sanyi yake so, shi ya sa Jos ta fi Abuja karɓarsa, don zafin watan Maris a can yakan ƙone shi. A shuka wajen Nuwamba. Irinsa ƙanana ne ƙwarai kuma sai da haske yake tsirowa, saboda haka kada a binne shi. A barbaɗa a kan ƙasa, a danna da tafin hannu, a riƙa yayyafa ruwa. Cikin mako 2 zuwa 3 zai fito. Wajen dashe a bar tazarar santimita 15. Masu kukan ruɓewar saiwa, yawanci ruwa suke bari ya kwanta masa. A cakuɗa ƙasar da yashi da ruɓaɓɓen taki.

Ta fannin magani, ana dandaƙa ganyen da furen a ɗora inda aka buge jini ya kwanta. Don tari, ƙaramin cokali 1 na busasshen fure a kofin ruwan zafi, minti 10, a tace. Mai ciki ta haƙura da shi, haka wanda furanni ke sa shi ƙaiƙayi.