Na sake faɗuwa jarrabawar aikin gwamnati: in ci gaba ko in haƙura?

Mai_Jiran_Rabo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An fitar da sunayen waɗanda suka tsallake jarrabawar ɗaukar ma'aikata da muka rubuta, kuma wannan karon ma babu sunana. Ba yau aka fara ba. Tun da na gama digiri a fannin tattalin arziki, duk gurbin da aka tallata wanda na cancanta sai na nema, in zauna jarrabawa, in jira, in ji shiru. Abin da ke ci mini rai shi ne ba faɗuwar warwas nake yi ba. Inda ake nuna wa mutum makinsa, nakan tarar 'yan maki kaɗan ne tsakanina da inda aka yanke.

Ga yadda nake karatu. Da safe ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Bayan isha'i nake buɗe littafi, ba na rufewa sai dare ya raba. Littafin al'amuran yau da kullum na bi shi daga bango zuwa bango sau ba adadi, na ja layi da biro har shafukan sun yi baƙi. Idan ina karantawa, komai sananne ne a wurina. Amma a zauren jarrabawa sai tambaya ta fito, na san na taɓa ganinta, har gefen shafin da take ina tunawa, amsar kuwa ta ƙi zuwa. Lissafi na iya shi, sai dai lokaci ke kashe ni. Agogon da ke saman allon kwamfuta zai cika, na'ura ta rufe, alhali akwai tambayoyin da ko buɗe su ban yi ba.

Yawancin guraben nan suna da iyakar shekaru, ni kuma na kusa kaiwa. Mahaifiyata ta daina tambayata sakamako, addu'a kawai take yi mini, kuma wannan shirun nata ya fi tambayar yi mini ciwo. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mini gaskiya. Me zan canza? Ko kuwa lokaci ya yi da zan haƙura?

Malamar_Tarbiyya:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanyaya maka zuciya. Na daɗe ina koyar da masu shirin zama malamai, kuma abin da ka kwatanta na gan shi a wurin ɗalibai masu ƙwazo fiye da malalata. Ba ƙarancin karatu ke damunka ba. Irin karatun ne.

Idan ka maimaita shafi sau da yawa, idonka yana sabawa da shi, sai zuciyarka ta ɗauki wannan sabon a matsayin sani. To amma jarrabawa ba ta tambayar ko ka gane abu idan an nuna maka. Cewa take ka zaƙulo shi daga kanka babu littafi a gabanka, kai kuma wannan zaƙulowar ce ba ka horar ba. Mai hadda ba ya tabbatar da ya riƙe sai ya rufe littafi ya kawo da ka.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu aka ce su sake karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne suka yi gaba. Da aka gwada bayan mako guda sai lamarin ya juya: masu gwada kansu sun tuna kashi 56 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 42. Ka lura da wannan minti 5 ɗin, domin shi ne tarkon. A daren da kake karatu, maimaitawa tana sa ka ji kamar ka ƙware, kuma a wannan daren ba ƙarya ba ne. A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu guda 10. Jan layi da maimaita karatu sun faɗo cikin masu ƙarancin amfani. Biyu ne kawai suka sami babbar daraja: gwada kai, da rarraba bita a kan kwanaki.

Rarrabawar ma tana da dalili. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan an koyi abu, daga nan sai ta rage sauri. Saboda haka abin da ka karanta yau, ka tambayi kanka shi gobe, sannan bayan kwana 3, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Ka yanka ƙananan katuna, tambaya a gaba, amsa a baya. Wanda ka ci ka mayar da shi tarin da za ka jima ba ka taɓa ba, wanda ka faɗi ya dawo tarin kullum. Idan ka fi son waya, manhajar Anki tana tsara maka wannan da kanta.

Zan gargaɗe ka, makonnin farko za su yi maka ɗaci. Za ka rufe littafi ka ga abin da ke kanka bai kai yadda kake zato ba. Kada ka karaya, gara ka gano haka a ɗakinka. Sannan ka rage wannan raba daren. Barci yana cikin abin da ke kafa karatu a ƙwaƙwalwa, kuma mutumin da zai tsaya gaban aji da safe yana buƙatarsa. Awa biyu da kai a sake sun fi awa biyar ana gyangyaɗi.

Gaskiya_Ɗaci:

Ɗan'uwa, ni ba zan ɓoye maka ba. Na rubuta irin waɗannan jarrabawoyi har na gaji, kuma na ga waɗanda ba su kai ni ba sun karɓi takardar kama aiki. Idan ba ka da uwa a gindin murhu, wani lokacin ko me ka ci a banza. Ni na ajiye, na koyi gyaran waya, yanzu hankalina kwance. Abu ɗaya nake roƙonka: duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai sa sunanka, ko ya ce yana da tambayoyin da za a yi, ka guje shi. Masu irin halinmu suke farauta, domin sun san mun matsu. Na san waɗanda suka rasa kuɗin, suka rasa aikin.

Sabon_Ma'aikaci:

Malam Mai_Jiran_Rabo, ni ma sai da na sha faɗuwa kafin Allah ya yi. Malama ta gama magana a kan riƙe karatu, bari in taɓa batun lokaci, don nan ne na ga makinka ke zuba.

Ka yi lissafi kafin ka shiga. Idan tambaya 100 ce a minti 60, kowace tana da daƙiƙa 36. Tambayar da ta cinye maka minti 4 ta kwashe rabon tambayoyi kusan 7, kuma maki ɗaya za ta ba ka, daidai da mai sauƙin da ke can ƙarshe ba ka isa gare ta ba. Masu iya lissafi su suka fi faɗawa wannan rami, saboda ransu ba ya yarda su bar tambaya su wuce. Ni zagaye uku nake yi. Na farko in kwashe duk wadda na san amsarta nan take. Na biyu in dawo kan masu buƙatar ɗan aiki. Na uku, idan lokaci ya rage, in fuskanci masu taurin kai. Kusan duk jarrabawar kwamfuta da na zauna tana barin mutum ya tsallake tambaya ya dawo, amma ka karanta umarnin da ke shafin farko ka tabbatar.

Ka kuma bincika ko ana rage maki idan mutum ya amsa ba daidai ba. Idan ba a ragewa, kada ka bar ko guda ba amsa. Idan ana ragewa, ga yadda abin yake. A ce zaɓi 4 ne, kuma kuskure yana cin sulusin maki. Ka yi canki-canka a tambaya 4: a bisa ƙiyasi za ka ci ɗaya, ka faɗi uku, sulusi uku sun cinye makin da ka samu, ka tashi ba riba ba asara. Amma da zarar ka iya kawar da zaɓi ɗaya da ka tabbatar ba shi ba ne, riba ta koma wajenka. Idan ka kawar da biyu, to barin tambayar asara ce.

Sauri a lissafi kuwa ba baiwa ba ne, ajiya ce a ka. Ka haddace jadawalin ninki har zuwa 20, da murabba'in lambobi har zuwa 25. Ka san cewa ɗaya bisa takwas kashi 12.5 ne ba sai ka ɗauki biro ba. Ka san cewa kashi 16 na 25 daidai yake da kashi 25 na 16, wato 4. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ke mayar da minti biyu daƙiƙa goma.

Sai babban abu. Kowane mako ka zauna cikakkiyar jarrabawar gwaji daga tambayoyin shekarun baya, da agogo, a kan kwamfuta idan da hali, ba waya, ba tashi. Idan ka gama, ka buɗe littafi na musamman ka rubuta kowace tambayar da ka rasa da dalilin rasa ta: ban sani ba, na sani na manta, na karanta tambayar a gurguje, ko lokaci bai kai ni ba. Gyaran kowanne daban ne. Wanda matsalarsa lokaci ce, ko ya sayi sababbin littattafai goma ba abin da zai ƙaru da shi.

Dattijo_Mai_Ritaya:

Ɗana, na yi aikin gwamnati har na ajiye, kuma na taɓa zama cikin masu yi wa masu neman aiki tambayoyi baki da baki. Abin da Gaskiya_Ɗaci ya faɗa yana faruwa, ba zan ƙaryata shi ba, kuma zalunci ne. Amma da idona na ga 'ya'yan da ba su san kowa ba sun shiga da makinsu. Kai da kake tsayawa dab da layi, akwai abin da ke hannunka tukuna.

Ina so ka fahimci irin wannan jarrabawa. Ba kamar ta makaranta ba ce, inda duk wanda ya kai makin ci ya wuce. A nan yawan kujeru ke yanke layi. A Indiya, jarrabawar manyan ma'aikata da UPSC, hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnatin ƙasar, ke shiryawa, mutum wajen miliyan ɗaya ke nema a shekara, waɗanda ake ɗauka kuwa wajen dubu ɗaya ne. Ba mai hankalin da zai ce duk sauran daƙiƙai ne. Don haka kada ka bari rashin ganin sunanka ya zama hukunci a kan basirarka.

Sai dai wannan lissafin yana da ɗaya fuskar, kuma ita nake so ka duba da kyau. Inda masu nema suka yi wa kujeru yawa haka, mutum na iya yin komai daidai ya rasa. A ƙasar Sin an yi fiye da shekara 1,000 ana ɗaukar ma'aikatan sarki ta jarrabawa kafin a soke ta a 1905, kuma akwai waɗanda suka yi furfura suna komawa zaure. Su Indiyawan sun sa iyaka: ga mai nema na gama-gari, wato wanda ba ya cikin rukunonin da ake yi wa sassauci, sau 6 kawai zai zauna, iyakar shekarunsa kuma 32. Kai ma ka sa wa kanka taka iyakar tun yanzu da hankalinka ke kwance, ba ranar da sakamako ya fito zuciya na tafasa ba. Ka ce daga nan zuwa lokaci kaza zan yi da sabuwar hanya, da dukkan ƙarfina. Idan ya yi, alhamdu lillahi. Idan bai yi ba, ka juya ba tare da jin kunyar kowa ba.

Kuma kada ka saki koyarwar nan don ka zauna karatu zalla. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Bayan haka, a wajen ganawa mukan tambayi mutum me ya yi tun da ya gama makaranta, kuma wanda ya ce yana koyar da yara yana da abin faɗa. Mahaifiyarka kuwa, ka je ka zauna ka gaya mata shirinka da bakinka. Ina kyautata zaton ta yi shiru ne don kada ta ƙara maka nauyi.

Mai_Jiran_Rabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na ji maganarka, na kuma zauna da ita jiya. Yadda ka zata haka ne.

Na yi gwajin da Sabon_Ma'aikaci ya ce, da agogo. Cikin tambayoyi 31 da na rasa, 14 lokaci ne bai kai ni ba, 9 na sani na manta, 5 na karanta a gurguje, musamman masu cewa a zaɓi wanda ba daidai ba. Guda 3 ne kawai ban taɓa sani ba. Malama, tambayata ita ce, da wanne zan fara? Kuma al'amuran yau da kullum da kullum suke canzawa, yaya ake yi musu kati?

Malamar_Tarbiyya:

Ka fara da lokaci, ɗana, domin shi ya fi yawa kuma shi ya fi saurin gyaruwa. Kowane dare ka ware minti 20 ka amsa tambayoyin lissafi 30 da agogo, kafin ka taɓa komai. Katuna su biyo baya. Masu cewa a zaɓi wanda ba daidai ba, ka saba da karanta ƙarshen tambayar sau biyu kafin ka kalli zaɓin.

Al'amuran yau da kullum ka raba su gida biyu. Akwai waɗanda ba kasafai suke motsi ba, kamar tanade-tanaden tsarin mulki, rassan gwamnati da aikin kowanne, da shekarun manyan abubuwan tarihi. Waɗannan kati ɗaya ya ishe su. Akwai masu canzawa, kamar masu riƙe da muƙamai da alƙaluman kasafin kuɗi. Su ka rubuta amsarsu da fensir, ka sa kwanan wata a gefe, ka bi su ka sabunta a ƙarshen kowane wata. Idan ka saurari labarai da safe, da dare ka rubuta abu 5 da ka tuna ba tare da ka duba ba, sannan ka duba. Bayan gwaji huɗu ka dawo mana da sababbin alƙaluman, mu ga wane dalilin rasa tambaya ne ya ragu.