Wai me za mu kira "ribas okshin" da Hausa?

Na Gujungu: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa ƙanena da ke karatu a Dutse yake ba mu labarin wani salon sayen kayan gwamnati wai shi ribas okshin, na ce to faɗa mana da Hausa, sai ya hau sosa ƙeya. Abin dai haka yake, hukuma za ta sa a intanet tana neman buhunan taki ko bencinan makaranta, 'yan kwangila su shigo lokaci ɗaya kowa na rage kuɗinsa, kana ganin farashin da ya fi ƙasa amma ba ka ganin sunan mai shi, lokaci na cika a rufe. Ni dai na ce gwanjon baibai.

Ɗan Maigatari: Wa alaikumus salam Yaya. Baibai ai riga ake sa wa, sai a ɗauka kuskure ne. Mu a kara ran Alhamis mai sa ɗaya ne, masu saye ke ƙara tayi yana albarka albarka har a kai inda zai sallama. Nan kuwa mai saye ne ɗaya, masu kaya ke saukowa. Gwanjon ragi mana.

Malamin firamare daga Ringim: Ai tanda ce. Yaran yanzu in ka ce gwanjo sai su tuno dilar kaya a Ƙofar Wambai.

Na Gujungu: Allah gafarta Malam ba ɗaya ba ne. Tanda ambulan kake liƙewa ka miƙa sau ɗaya shikenan sai ranar buɗewa. Wannan in wani ya yi ƙasa da farashinka kana iya sake ragi nan take, kuma komai na rubuce a kwamfuta, ba maganar mu haɗu bayan ofis. Indiya ma suna yi a shafinsu na sayen kayan gwamnati, GeM, da suka buɗe a 2016.

Malamin firamare daga Ringim: To na yarda da ragi, amma araha ba ta ado. In ba a rubuta irin katako da kaurinsa tun farko ba, bencin ko zango ɗaya ba zai kai ba, ni nake ajin na sani. A yi shi kan taki da alli, ban da gada.

Na Gujungu: Na janye baibai, gwanjon ragi ya zauna. Saura ɗan kwangilar garinmu da sabis zai ɗauke masa ana tsakiyar ragi, sai dai ya hau tudun bayan makaranta da wayarsa.