Shin hoton tauraron ɗan'adam yana nuna tafiyar tuddan rairayi na gaɓar teku?

Ɗalibar Labarin Ƙasa:
Assalamu alaikum. Ina shirya aikin kammala karatu a kan tuddan rairayin gaɓar teku, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Na karanta cewa tudun Pilat na Faransa, wanda tsayinsa ya haura mita 100, yana kutsawa cikin dajin da ke bayansa da 'yan mitoci a shekara. To, idan kowane ɗigo a hoton tauraron ɗan'adam na Landsat yana ɗauke da fili mai faɗin mita 30, ta yaya za a gane motsin da bai kai ko rabin ɗigo ba? Malamai, a taimaka mini.

Mai Awon Ƙasa:
Wa alaikumus salam, Malama. Ba hoton bana da na bara ake kwatantawa ba. An harba Landsat na farko a 1972, kuma tun 2008 aka buɗe rumbun hotunansa kyauta ga kowa. Tudun da ke cin mita 3 a shekara zai ci mita 90 cikin shekara 30, wato ɗigo uku, wanda ido ma zai gani. Ki bi gindin gangaren da ke bayan iska, inda rairayi ke zubowa, domin nan ne iyakar tudun ta fi fita sarai. Idan kuma shekarun baya-bayan nan kike so, tauraron Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, ɗigonsa mita 10 ne, kuma yana komawa wuri kusan duk kwana 5.

Injiniyan Ruwa:
Bayanin Malam daidai ne, amma ina tsoron a tsaya a nan. Hoton da aka ɗauka daga sama yana nuna inda tudu ya matsa, ba ya nuna yawan rairayin da ya rage a jikinsa, alhali kuwa tsayi da kauri su ne ke tare teku. A Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, siririn tudu ne ya raba teku da unguwanni masu kwari, kuma ɗibar yashi domin gini ta raunana shi a wurare da dama. Irin wannan tudu zai iya rasa rabin tsayinsa yana nan inda yake, mai duba hoto ya rubuta cewa lafiya lau, sai ranar da guguwa ta haɗu da cikar teku ruwa ya ɓalle ta wurin da ya fi ƙasa. Wannan ne ya fi damuna, domin rayukan mutane ne a bayan tudun. Sai an haɗa da awon tsayi, ko da na'urar lida (mai auna tsayi da hasken lesa) daga jirgin sama, ko da jirgi maras matuƙi.

Ɗalibar Labarin Ƙasa:
Na gode ƙwarai. Wanda ba shi da halin samun waɗannan na'urori fa?

Injiniyan Ruwa:
Ki sa ido a kan ciyawa, Malama. Hasken da ido ba ya gani, wanda Sentinel-2 ke ɗauka, yana bambanta tsiro da rairayi tsirara, kuma duk inda ciyawar da ke riƙe tudu ta fara mutuwa, nan iska za ta fara haƙa rami. Sannan ki nemi lokacin cikar teku da janyewarsa na ranar kowane hoto, don kada ki ɗauki cikar ruwa a matsayin zaizayar gaɓa.