Algaitar salka: sunan da nake ganin ya dace da bagpipe

Jama'a, ina neman shawara. Wani matashi ɗan ƙasar Ailan ya fitar da faifan kiɗan gargajiyar Keltawa, wato mutanen Ailan da Sikotilan da danginsu, shi kaɗai ba mai taya shi, kuma ina so in yi rubutu a kai. Abin da ya tsayar da ni shi ne sunan abin da yake kaɗawa. A Turance bagpipe ake ce wa danginsa duka.

Wanda ya taɓa kallon faretin sojoji ya san na Sikotilan: jakar fata a hammata, bututu uku a kan kafaɗa suna ba da amo ɗaya da ba ya yankewa, da wani bututun mai huji da yatsu ke wasa a kai.

An ba ni shawarar in kira ta sarewar jaka. Malam, ban karɓa ba. Sarewa iska ce kawai ke ratsa ta, shi kuwa bututun wannan yana da ɗan kara mai leɓe biyu da ke karkarwa, daidai da na algaita. Shi ya sa muryarsu take da kaifi iri ɗaya. Jaka kuma ta zuba kaya ce, ba ta riƙe iska.

Ku dubi mai algaita a ƙofar fada. Kumatunsa sun kumbura tim, yana shaƙar numfashi ta hanci, yana tura iskar da ya tara a baki, busa ba ta tsayawa. Aikin da kumatun nan ke yi shi fatar ke yi wa ɗan Sikotilan: ya hura ta cika, ya riƙa matsa ta da hannu, ya samu sararin numfasawa. Fatar da aka ɗinke har ba ta yoyo kuwa muna da sunanta tun kaka da kakanni, wato salka. Don haka na ce algaitar salka. Abin sha'awa, mutanen Galisiya a arewacin Sifaniya gaita suke kiran tasu.

To amma ta yaron nan daban take. Sunanta uilleann pipes, daga kalmar yarensu mai nufin gwiwar hannu, domin ba a sa mata baki ko kaɗan. A zaune yake kaɗa ta, an ɗaura masa ɗan zugazugi a ƙugu da damtse, hannu ɗaya na zugawa, ɗayan na matsa salkar. Muryarta ta fi taushi, ta cikin ɗaki ce, har makaɗin na iya rera waƙa a kai. A 1968 masu kaɗa ta suka kafa ƙungiya don kada ta ɓace, a 2017 kuma UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya. Bai kamata mu cusa ta ƙarƙashin sunan ta sojoji ba. Ita na ce algaitar zugazugi.

Wata Hajiya ta ce sunan ya yi tsawo. Haka ne, amma maƙeri zai gane shi tun kafin ya ga hoton.

Saura mai kaɗa ta. Mabushi bai hau ba tunda ba ya busa. Mazugi na maƙera ne, ko za a ba mu aronsa? Masu sana'ar fada da na ƙira, ku nake jira.