Sassauta taurin kulocin motocin shiga daji: shawarar makanikan Zariya

Da aka tattauna da makanikan Sabon Gari da Kwangila kan taurin kulocin Hilux da Land Cruiser masu bin hanyoyin ƙauye, bakinsu ya zo ɗaya: kada a fara da sayen kaya. Motar da ta sha laka da damina, sau da yawa giris ne ya bushe a mahaɗar cokalin kuloci (ƙarfen da ke tura boris idan an taka feda) da inda boris ɗin ke zamewa. A sauke giyabos a wanke, a shafa giris kaɗan, don idan ya yi yawa zai taɓa farantin kuloci. Firesha fulet, wato abin da ke matse farantin, shi ma tauri yake ƙarawa in faranti ya cinye.

Sai batun masta, inda aka fi jan magana. Masta biyu ne: na sama da feda ke dannawa ya tura mai, da na ƙasa da man ke motsawa ya tura cokali. Mastan sama mai ƙaramin rami yana sassauta feda: daga inci 3/4 zuwa 5/8, ƙarfin takawa yakan ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Amma man da yake turawa ma haka yake raguwa, sai mastan ƙasa ya gaza tura cokali sosai. Alamarsa ribas ya riƙa yin ƙara idan za a sa shi, giya ta ɗaya ta ƙi shiga. Shi ya sa ake auna tafiyar sandar mastan ƙasa kafin canji da bayansa. Ƙara girman mastan ƙasa ma sakamakon ɗaya ne, kada a haɗa biyun.

Tiyo mai saƙar ƙarfe ba ya rage tauri, kumburin roba kawai yake hanawa. Man da za a zuba a masta kuwa man birki ne, DOT 3 ko DOT 4, a fitar da iska tas. Man giya ko na inji kumbura robobin masta yake yi.